Mary Breckinridge, Wadda Ta Nema Wa Ungozomai Izini

A wannan wata za mu ba masu karatu labarin wata mace mutuniyar Amurka, sunanta Mary Breckinridge, wadda ta rasu tun cikin shekara ta 1965. Waɗanda suka taɓa jin sunanta, abin da suka fi sani shi ne ita ce ta ɗora ungozomai bisa dawaki, suna ratsa duwatsu da tsakar dare su je karɓar haihuwa. Gaskiya ne, haka aka yi. Amma akwai wani aiki nata da ba a cika faɗa ba, gama ba shi da daɗin ji kamar labarin doki da fitila. Kafin ungozoma ɗaya ta ɗaura sirdi, sai da matar nan ta sha zirga-zirga tsakanin ofisoshin hukuma da gidajen likitoci, tana neman a yarda, a rubuce, cewa nas wadda ta koyi ungozomanci tana da iko ta karɓi haihuwa. A ƙasarsu a zamanin nan ba a san irin wannan ma'aikaciya ba, doka kuwa ba ta ambace ta ba.

An haife ta ran 17 ga Fabrairu, 1881, a birnin Memphis cikin jihar Tennessee. 'Yar babban gida ce ƙwarai. Kakanta, John C. Breckinridge, ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasar Amurka daga 1857 zuwa 1861, sa'an nan da yaƙin basasa ya tashi ya bi bayan jihohin kudu masu riƙe da bayi, ya zama ɗaya daga cikin manyan sojansu. Ubanta, Clifton, ya daɗe yana wakiltar jihar Arkansas a majalisar dokoki ta ƙasa, daga baya aka aike shi jakada zuwa Rasha cikin 1894. Watau yarinyar ta tashi tana jin maganar majalisa da ƙuri'a da doka a bakin akushi, kamar yadda ɗan mahauci ya kan tashi da sanin nama. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za mu komo kansa. A can Rasha aka haifi ƙanenta, wata ƙwararriyar ungozoma ce ta karɓi haihuwar, abin kuwa ya zauna a ran Mary. Ta yi makaranta a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ta iya Faransanci sosai.

Ta yi aure cikin 1904, mijin ya rasu bayan shekara biyu, ba su sami haihuwa ba. Sai ta shiga makarantar koyon jiyya ta asibitin St. Luke a birnin New York, ta gama cikin 1910. Cikin 1912 ta sāke aure, ta auri shugaban wata makarantar 'yan mata a Arkansas. Ta haifi ɗa namiji cikin 1914, suna kiransa Breckie. Cikin 1916 ta haifi 'ya mace, Polly, bakwaini ce, ta yi sa'a shida kaɗai a duniya. Ga watan Janairu na 1918 Breckie ma ya rasu, bai daɗe da cika shekara huɗu ba. Auren bai tsaya ba bayan wannan. Cikin 1920 kotu ta raba su, ta mayar mata da sunan gidan ubanta, shi ya sa har ta mutu a ke ce da ita Misis Breckinridge.

Baƙin cikin nan ya girgiza ta ainun. Akwai lokacin da har ta bi masu cewa suna iya magana da matattu, don marmarin ɗanta. Daga baya ta sami wata mai ibada a birnin York ta Ingila wadda ta zama mata mai ba da shawara cikin al'amuran ruhu shekaru da yawa. Ita 'yar ekklesiyar Episcopal ce, watau 'yar'uwar Angalikan, kuma sa'ad da ta kafa aikinta, daga littafin Ishaya sura 40 aya 11 ta ɗauko takensa.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Fari, ta tafi Faransa cikin 1919 tare da wata ƙungiyar matan Amurka masu taimakon ƙauyukan da yaƙi ya ragargaza a lardin Aisne. Ta tarar da yara sun rame, shanu duka sun ƙare, babu madara. Ta yi ta rubuta wa dangi da abokai a gida su aiko da kuɗin sayen awaki, aka kuwa saya aka rarraba. Ta shirya masu jiyya suna bin gida gida. A nan ne ta lura da abin da ya juya rayuwarta. Ungozoman Faransa sun san karɓar haihuwa, amma ba su koyi jiyya ba. Masu jiyya na Amurka sun san jiyya, amma ba a koya musu karɓar haihuwa ba. Matan Ingila da ta yi aiki da su kuwa sun haɗa biyun, mace ɗaya tana iya duba mai ciki, ta karɓi haihuwa, ta yi jiyyar jariri da yayyensa. Sai ta ce a ranta irin wannan ma'aikaciya ce ƙauyukan Amurka su ke bukata.

To, a nan sai mu ɗan tsaya mu bayyana yadda dokar Amurka ta ke, in ba haka ba wahalar da ta sha ba za ta fito ba. A Ingila majalisa ta yi doka guda tun 1902, ta kafa hukumar ungozomai ta ƙasa duka, mai jarraba su, ta ba su takardar shaida, ta kuma hore wadda ta yi laifi. A Amurka ba haka ba ne. Ko wace jiha ita ke yin dokarta a kan wanda zai yi aikin likita ko jiyya ko ungozomanci, jihohin kuwa a lokacin 48 ne. Izinin da aka ba ka a wannan jiha, in ka ƙetare iyaka ya zama takardar banza. Ga shi kuwa manyan likitocin haihuwa na zamanin sun tashi haiƙan suna so a kawar da ungozomai ɗungum, suna cewa su ne sanadin mutuwar mata. Cikin 1907 babbar kotun jihar Massachusetts ta tabbatar da hukunci a kan wata ungozoma 'yar asalin Finlan, wai karɓar haihuwar da ta ke yi aikin likita ne ba da lasin ba. Duk da haka mata ba su daina mutuwa ba. Cikin shekarun 1920, a ko wace haihuwa 1,000 a kan rasa uwa 6 ko 7, abin da ya fi na yawancin ƙasashen Turai muni, har da ƙasashen da ungozomai ke karɓar mafi yawan haihuwa.

Cikin 1921, shekara guda bayan matan Amurka sun sami ikon jefa ƙuri'a, majalisar ƙasa ta yi wata doka mai suna Sheppard-Towner, wadda ta ba jihohi kuɗi domin lafiyar mata da jarirai. A jihar Kentaki, wadda ita ce asalin gidan su Breckinridge, wata likita mai suna Annie Veech ce ke riƙe da wannan sashe. Wurinta Misis Breckinridge ta fara kai shirinta cikin 1923, ba su kuwa jitu ba. Likita Veech tana ganin hanyar da ta fi ita ce a tara ungozoman gargajiya da ke akwai, a rubuta sunayensu, a koya musu tsabta. Ba ta ga dalilin da wata 'yar masu kuɗi za ta kawo baƙin ma'aikata ta kafa nata aiki dabam a cikin jiha ba. Ta ƙi sa hannu, shirin ya rushe. A ganinmu ko wace cikinsu tana da gaskiyarta, amma Misis Breckinridge ta koyi karatu daga wannan kāye: ba ta ƙara shiga ofishin hukuma hannu rabbana ba.

Da damina ta 1923 ta hau doki ta shiga duwatsun Appalachia a gabashin Kentaki, ta zaga gundumomi uku, Leslie da Knott da Owsley. Ta yi tafiyar wajen mil 650, ta zauna da ungozoman gargajiya 53, ta tambaye su yadda su ke aiki, ta rubuta kome. Yawancinsu tsofaffi ne, in an daidaita shekarunsu sai a sami wajen 60. Waɗansu masu tsabta ne da hankali, waɗansu kuwa ba su san wanke hannu ba, kuma ko wace iri ce, in jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama mai naƙuda, ba ta da abin yi sai addu'a da saiwoyi. Babu mai duba mace tun tana da ciki. Wanda ya san ƙauye ya san ba mugunta ce ta hana su ba, ba wanda ya taɓa koya musu ne.

Sa'an nan ta yi abin da ba kowa zai yi ba. Tana da shekara 42, 'yar jakada, ta tafi Landan ta zama 'yar makaranta a wani asibitin mata da jarirai a unguwar Woolwich, gama a ƙasarta duka babu inda nas za ta koyi ungozomanci. Ta ci jarrabawar hukumar ungozomai ta Ingila cikin 1924. Daga nan ta wuce Sikotlan, ta zaga tsaunuka da tsibiran Hebrides, inda wani likita, Sir Leslie MacKenzie, ya taimaka aka shirya aikin lafiya domin talakawa masu zama nesa da juna. Ta duba yadda a ke zaunar da nas a tsakiyar jama'a, da yadda kwamitin mutanen wurin ke lura da ita, da yadda a ke biyanta, har da yadda a ke rubuta lissafi. Wannan tsari ta ɗauko ta kawo gida.

Da ta komo cikin 1925 ba ta koma wurin Likita Veech ba. Ta nufi shugaban Hukumar Lafiya ta jihar, Likita Arthur McCormack, da takardar shaidarta ta Ingila a hannu ɗaya, da labarin tafiyarta ta mil 650 a ɗayan. Shi kuwa ya yarda. Ya ba da izini ita da ma'aikatanta masu takardar Ingila su yi ungozomanci a jihar. Ran 28 ga Mayu, 1925, ta tara mutane a Frankfort, babban birnin jihar, inda majalisa ke zama. Akwai alƙalai da likitoci da malamai da matan manyan gidaje, da yawansu dangi ne ko abokan gidansu. Suka kafa Kwamitin Kentaki Domin Uwaye da Jarirai, wanda cikin 1928 aka sāke masa suna ya zama Frontier Nursing Service, watau aikin jiyya na bakin daji. Ga amfanin gidan da ta fito. Da wata nas ce 'yar talakawa ta zo da wannan magana, da wuya ta wuce ɗan sandan bakin ƙofa. Kuɗin farawa ma daga gādon uwarta ta fitar.

Ta zaɓi gundumar Leslie da gangan, sabo da babu inda ya fi ta wuya. Mutanenta wajen 10,000 ne, warwatse cikin kwazazzabai. Babu hanyar mota ko ɗaya, rafuka su ne hanya, tashar jirgin ƙasa kuwa tafiyar yini ce bisa doki. Tunaninta shi ne, in abin ya yiwu a nan, ba mai iya cewa ba zai yiwu a wani wuri ba. Kafin a taɓa mai ciki ko ɗaya, sai da ta sa wata ma'aikaciya daga Sikotlan, Bertram Ireland, ta bi gida gida tana rubuta haihuwa da mutuwar da aka yi a shekarun baya, gama littattafan hukuma ba su cika ba. Ta san wata rana za a tambaye ta ko aikinta ya rage mutuwa, ba ta kuwa so ta amsa da baki kawai. Ga watan Satumba na 1925 aka buɗe ɗakin magani na fari a garin Hyden, da ma'aikata biyu, Edna Rockstroh da Freda Caffin, 'yan Amurka ne da suka koyo ungozomanci a Ingila.

Izinin karɓar haihuwa bai warware kome da kome ba. Bisa doka, nas ba ta da iko ta ba da magani sai likita ya umarta. To, yaya za a yi da nas wadda ke cikin bukka a ƙarshen kwazazzabo, kogi ya cika, likita yana nisan mil 20, mai jego kuwa tana zubar da jini? In ta ba da magani ta taka doka, in ta bari mace ta mutu. Dabarar da aka yi ita ce, Misis Breckinridge ta roƙi waɗansu sanannun likitoci na birnin Lexington suka zama kwamitin ba da shawara, suka rubuta littafin umarni, aka buga shi cikin 1928. A ciki an faɗi abin da nas za ta yi a ko wane irin hali, da maganin da za ta bayar, da yawansa, da lokacin da tilas ta aika a kira likita. Ko wace nas tana tafe da shi cikin jakarta. Ta haka duk abin da ta yi a bukka, a idon doka umarnin likita ta bi. An yi ta gyara littafin nan shekara da shekaru. Ba wanda ya ɗauki hotonsa ya sa a jarida kamar yadda aka yi wa dawaki, amma in ba domin shi ba da aikin bai kai ko'ina ba.

Cikin Yuni na 1928 aka buɗe asibiti mai gado 12 a Hyden, Sir Leslie MacKenzie da kansa ya zo daga Sikotlan ya buɗe shi. Kafin ƙarshen 1930 an gina ƙananan tashoshi shida a cikin daji, ƙasar da su ke lura da ita ta kai wajen murabba'in mil 700. A ko wace tasha akwai nas ɗaya ko biyu, da dawakinsu, da kwamitin mutanen wurin. Ko wace nas tana da jakunkunan sirdi iri biyu, ɗaya na jiyya, ɗaya na haihuwa, a shirye kullum. Ƙa'idarsu ita ce, in dai mai gida ya iya isowa ya yi kira, nas za ta bi shi, ko da ƙanƙara ke zuba. Kuɗin haihuwa dala 5 ne, tun daga awon ciki har kwanakin jego, kuɗin jiyyar iyali duka kuwa dala 1 a shekara. Wanda ba shi da kuɗi ya kan biya da ƙwai ko masara ko ciyawar doki, ko ya yi aikin gini. Ban da haihuwa, sun yi wa dubban mutane lambar agana da allurar taifot da ta mashaƙo da sunan Hukumar Lafiya, sun ba yara maganin tsutsar ciki. Wannan ma ya ƙara ɗaure su da hukuma, gama aikin da hukuma ta kasa kaiwa ne su ke yi mata. Yaran duwatsu kuwa, in sun tambayi inda jariri ya fito, sai a ce musu nas ce ta kawo shi cikin jakar sirdi.

Cikin 1929 dokar Sheppard-Towner ta mutu, gama ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi ta sūkarta har majalisa ta ƙi sabunta ta. A shekaran nan ne ma'aikatan Misis Breckinridge, su 16, suka yi rajistar Ƙungiyar Ungozomai ta Jihar Kentaki. Ita ce ƙungiya ta fari ta ungozomai masu takardar jiyya a Amurka. Nufinsu shi ne a ɗaukaka matsayin aikin, a san wadda ta cancanci sunan da wadda ba ta cancanta ba. Su kan taru shekara shekara, su gayyato babban likita ya yi musu lacca, ta haka likitocin da suka zo da shakka su kan koma da labari mai kyau. Cikin 1941 aka buɗe ta ga na sauran jihohi, aka sa mata sunan Amurka duka maimakon na Kentaki.

Lissafin nan da ta nace a kansa ya yi ranarsa cikin 1932. Aka ɗauki takardun haihuwa 1,000 na fari aka ba Louis Dublin, gwanin ƙididdiga na kamfanin inshora na Metropolitan a New York, mutumin da ba shi da dangi a duwatsu, ba kuwa abin da zai ci. Ya duba ya ce babu uwa ko ɗaya da ciki ko naƙuda ya kashe, mata biyu da suka rasu wata cuta ce da su ke da ita tun dā. Ya ƙiyasta cewa da matan ƙasar duka suna samun irin wannan kulawa, da an tsirar da uwaye 10,000 ko wace shekara, da an rage jariran da a ke haifa ba rai da 30,000, da kuma waɗansu 30,000 sun wuce watansu na fari da rai. Wannan takarda ta zama makaminta. Duk inda ta je neman kuɗi ko neman yarda, a New York ko Boston ko Chicago ko Detroit, da ita ta ke tafe.

Shekarun nan ba su zo da sauƙi ba. An yi fari cikin 1930, ciniki ya faɗi a ƙasar duka, masu ba da kyauta suka janye hannu, har ma'aikata suka yi ta aiki ba a biya su cikakken albashi ba. Cikin 1931 doki ya kā da ita, ƙashin bayanta ya karye, ciwon bai rabu da ita ba har ƙarshen ranta. Sa'an nan cikin 1939 yaƙi ya sāke tashi a Turai. Yawancin ma'aikatanta 'yan Ingila ne, da yawansu suka koma gida, hanyar aika 'yan Amurka su koyo a can kuma ta toshe. Ba ta tsaya kuka ba. Ga watan Nuwamba na shekaran nan ta buɗe makarantar ungozomanci a Hyden da ɗalibai biyu tak. A nan ma ba ta manta da hukuma ba: ta shirya Hukumar Lafiya ta jihar ce ke jarraba waɗanda suka gama, ta ba su takarda. A lokacin nan, wata makarantar irinta ɗaya ce kawai ke aiki a ƙasar, wadda aka buɗe a New York cikin 1932, malamarta ta fari kuwa, Rose McNaught, daga Hyden aka aike ta. Masu jiyya da yawa da ke shirin zuwa aikin mishan a ƙasashen waje sun bi ta makarantar Hyden.

Yanzu sai mu faɗi inda ta gaza, gama labarin mutum ba ya cika da yabo kaɗai. Misis Breckinridge jikar gidan masu bayi ce, ba ta kuwa taɓa yar da ra'ayin gidan a kan baƙar fata ba. Sa'ad da ta ke roƙon kuɗi a birane ta kan yi kirarin mutanen duwatsu da cewa su tsantsar jinin Ingila ne da bai gauraya ba, don ta san wannan zai buɗe aljihun masu jinta. Ƙungiyar da ta kafa ba ta karɓar baƙaƙen mata, ko da ya ke akwai su, masu takarda daidai da na kowa, gama makarantar Tuskegee a jihar Alabama ta horar da su daga 1941 zuwa 1946. Matan baƙar fata na jihohin kudu kuwa sun fi kowa mutuwa wurin haihuwa. Ƙungiya mai neman hukuma ta buɗe mata ƙofa, ga ta ta rufe tata ƙofar ga 'yan'uwanta na sana'a. Wannan abin kunya ne, ya kuma raunana su duka, gama su 'yan kaɗan ne tun dā, sai suka rabu biyu.

Akwai kuma wani rauni cikin irin nasarar da ta ci. Abin da ta samu a Kentaki yarda ce ta manyan mutane da suka san ta, suka san kakanta. Ya ishe ta aikinta, amma ba abin da wata nas za ta ɗauka ta kai wata jiha ba ne. Ba ta son kuɗin gwamnati su zama ginshiƙin aikin, don kada a mallake shi, ta fi so ta roƙi masu arziki. Ta yi fatan a kwaikwayi Hyden a wurare da yawa na ƙasar, ba a kuwa yi ba. Har cikin shekarun 1950 wuraren da doka ta san da nas mai ungozomanci 'yan kaɗan ne, kamar Kentaki da New Mexico da birnin New York.

Waɗansu mata ne suka ɗauki wancan kaya. Cikin 1944 suka buɗe sashen ungozomai cikin wata ƙungiyar masu jiyya ta ƙasa, wanda ya karɓi kowa ba zancen launi. Da ƙungiyan nan ta watse, Hattie Hemschemeyer ta New York da Sista Theophane Shoemaker ta Santa Fe da abokansu suka kafa sabuwar ƙungiya cikin 1955, suka yi mata rajista a New Mexico, sabo da dokar wurin ta san da su. Misis Breckinridge ba ta kai tata ƙungiya cikinsu ba. Ta zauna a Wendover, gidan gungume da ta gina a bakin kogi kusa da Hyden tun 1925, tana shirya mujallar aikin mai fitowa wata uku uku, tana amsa wasiƙu, tana kiwon kajinta. Littafin da ta rubuta na labarin rayuwarta ya fito cikin 1952.

Ta rasu a Wendover ran 16 ga Mayu, 1965, tana da shekara 84, ba ta sauka daga shugabancin aikin ba har ran nan. A lokacin ma'aikatanta sun karɓi haihuwa fiye da 14,000, uwayen da aka rasa 11 ne. Aka binne ta a Lexington. Helen Browne, wata ungozoma 'yar Ingila da ta daɗe tare da ita, ta gāje ta.

Shekara huɗu bayan rasuwarta, cikin 1969, ƙungiyoyin nan biyu suka haɗu suka zama ɗaya. Cikin 1971 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta sa hannu a takarda cewa ta yarda da aikin nas mai ungozomanci. Daga nan aka shiga bin majalisun jihohi ɗaya ɗaya, ungozomai suna zuwa gaban kwamitocin 'yan majalisa da lissafin haihuwarsu a hannu, kamar yadda ita ta je wurin Likita McCormack, sai dai su ba su da sunan kaka da zai buɗe musu ƙofa. Yau jihohi 50 duka suna ba su lasin, amma dokokin ba ɗaya ba ne. A waɗansu jihohi ungozoma tana aiki da ikon kanta, a waɗansu kuwa har yanzu sai ta sami likitan da zai sa mata hannu a takarda tukuna. Makarantar da aka fara da ɗalibai biyu ta zama jami'a, ta tashi daga Hyden ta koma garin Versailles kusa da Lexington. Gidan Wendover kuwa, cikin 1991 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, cikin 1998 kuma gidan waya ya buga kan sarki na santi 77 da hotonta.